Lissafin Girman Fankokin Lantarki na Cikin Teku

A 1991 aka kafa tashar farko ta lantarkin iska a cikin teku, a Vindeby da ke ƙasar Denmak. Fankoki 11 ne, kowacce tana ba da kilowat 450, faɗin da'irar da fukafukanta ke sharewa mita 35. Duk tashar ba ta cika megawat biyar ba. Yau kamfanin Vestas yana sayar da fanka guda mai megawat 15, ninki uku na Vindeby gaba ɗayanta, tsawon fiffikenta ɗaya mita 115.5. Don a samu abin kwatance na gida: tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina fankoki 37 ne, idan aka haɗa su megawat 10. Fanka ɗaya tal ta teku ta fi su duka.

Abu biyu ke yanke yawan wutar da fanka za ta tatsa daga iska: faɗin da'irar da take sharewa, da gudun iskar kanta. Idan aka ninka tsawon fiffike sau biyu, da'irar ninkuwa take yi sau huɗu. Sha'anin gudu ya ma fi haka, domin iskar da ta ninka gudunta sau biyu ƙarfinta ya ninku sau takwas. Ko daga mita 9 a daƙiƙa aka matsa zuwa mita 10, ƙarin ya kai kashi 37 cikin ɗari. Shi ya sa ake bin iska har teku, inda babu tudu ko gini ko bishiyar da za ta karya ta, kuma ake ɗora kan injin sama da mita 130 daga fuskar ruwa. Akwai kuma iyakar da babu injiniyan da zai tsallake ta. Tun wajen 1920 Bajamushe Albert Betz ya nuna cewa babu fankar da za ta ɗebi fiye da kashi 59.3 na ƙarfin iskar da ta ratsa ta. Na yanzu suna dab da kashi 50, don haka abin da ya rage a samu ta gyaran siffar fiffike bai taka kara ya karya ba. Mai son ƙarin wuta sai dai ya faɗaɗa da'ira.

Akwai wata dabara a nan da ba kasafai ake lura da ita ba. Da'irar fankar Vestas ta yau murabba'in mita 43,742 ce, kimanin filin ƙwallo shida, ta ninka ta Vindeby sau 45. Amma janaretarta sau 33 kawai ya ninka na Vindeby. Da gangan aka yi haka. Idan fukafukai suka fi ƙarfin janareta, fankar takan kai cikakken ƙarfinta tun iska na mita 11 ko 12 a daƙiƙa, ta daɗe a nan awanni masu yawa a shekara. Wannan ne ya sa sababbin tashoshin Tekun Arewa, wanda ke tsakanin Birtaniya da sauran Turai, suke ba da kashi 40 zuwa 50 na abin da za su bayar da a ce ba sa hutawa dare da rana. Wutar da ke zuwa a kai a kai ta fi daraja a kasuwa a kan wadda ke zuwa da yawa lokaci guda ta ɗauke.

Sai dai babban dalilin girman yana wajen kuɗi ne. A tudu, fanka ita ce mafi yawan kuɗin aikin. A teku ba ta kai rabi ba. Sauran kuɗin yana tafiya ne a turken da za a kafa a ƙasan teku, da kebul, da tashar tattara wuta, da hayar jirgi, kuma yawancinsu da kai ake ƙirga su, wato kowace fanka da nata. Mai neman megawat 1,000 da fankoki masu megawat 3.6 sai ya kafa 278. Da masu megawat 8 zai kafa 125. Da masu megawat 15 kuwa 67 sun ishe shi. Turke 67 maimakon 278, mahaɗar kebul haka, zuwan jirgi haka, kuma tsawon shekara 25 zuwa 30 ma'aikatan gyara hasumiya 67 za su riƙa hawa. Lallai turken babbar fanka ya fi tsada, amma bai ninka na ƙaramar sau huɗu ba. An gani a ƙasa a tashoshin tekun Birtaniya: London Array da aka gama a 2013 ta ci fankoki 175 don megawat 630, kashi na farko na Dogger Bank kuwa fankoki 95 ne don megawat 1,200.

Gwanjon da gwamnatin Birtaniya ke yi, inda kamfanoni ke tayin farashin da za su sayar da wutarsu, ya nuna yadda farashin ya sauka, kuma duk alƙaluman nan da darajar fam ta 2012 ake faɗinsu. Ma'aunin shi ne megawat ɗaya na awa guda, daidai da yunit 1,000 na mitar gida. Tashar Hornsea ta ɗaya ta samu kwangilar fam 140. A gwanjon 2015 farashi ya tsaya tsakanin fam 114 da 120. A 2017 Hornsea ta biyu ta ci da fam 57.50, a 2019 Dogger Bank ta zo da fam 39.65, a 2022 aka kai fam 37.35. Ba daidai ba ne a jingina wannan duka ga girman fanka, domin a mafi yawan shekarun nan kuɗin ruwan banki na ƙasa ƙwarai, ƙarfe na da sauƙi, masu takara kuma sun yi yawa. Amma girman ne ya ba kamfanoni ƙarfin halin yin tayin. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne na Jamus a 2017, lokacin da kamfanin EnBW ya ce zai gina tashar He Dreiht ba tare da tallafin ko sisi ba. A lokacin fanka mafi girma a teku megawat 8 ce. Kamfanin ya yi lissafinsa ne da fankar da ba a ƙera ba tukuna, yana sa ran za ta iso kafin lokacin gini. Ta kuwa iso: a 2025 aka fara kafa fankoki 64 masu megawat 15 a wurin.

To amma girma na zuwa da nasa haraji, kuma a fiffike yake fara cizo. Wuta tana ƙaruwa ne da faɗin da'ira, nauyi kuwa da kauri da faɗi da tsawo gaba ɗaya. Da a ce hura tsohon fiffike kawai ake yi, ninka tsawonsa sau biyu zai ba da wuta ninki huɗu da nauyi ninki takwas, asara ke nan. Abin da ya ceci lissafin shi ne canza kayan aiki. Ƙashin bayan fiffike, wanda ke ɗauke da lanƙwasa, yanzu da zaren kabon ake yin sa. Fatar jiki zaren gilashi ce da aka jiƙa da ƙaro, tsakiyarta kuma katakon balsa mara nauyi ko kumfar roba. Duk da haka fiffike mai mita 107 na Haliade-X, fankar kamfanin GE Vernova, ya haura tan 50.

Yadda ake ƙera shi ma yana da bayani. Ana shimfiɗa zaren ne falle-falle a cikin mazubi, yawanci da hannu, a rufe da leda, a zuƙe iska, ƙaro ya bi ya cika ko'ina, sannan a gasa. Yawancin masana'antu rabi biyu suke yi, su manne su da gam tare da katangun da ke tsaye a ciki. Siemens Gamesa zubi ɗaya yake yi don ya kauce wa layin gam. Kurakuran da ke kashe fiffike ƙanana ne a ido: zaren da ya tattare ya yi ƙunci, wurin da ƙaro bai jiƙa ba, layin gam da bai kai faɗin da aka tsara ba. Ana binciken su da na'urar sauti mai leƙa cikin abu, amma a tsawon mita ɗari da wani abu wurin ɓuyan kuskure na da yawa. Sannan a duba aikin da ke jiran fiffiken. Yana zagayawa kusan sau takwas a minti, a kowane zagaye nauyinsa na lanƙwasa shi gaba ya dawo da shi baya, a shekara 25 lanƙwasar ta kai sau miliyan 100. Idan guguwa ta buga, bakinsa na iya karkata kusan mita 20 wajen hasumiya, shi ya sa ake ƙera shi a ɗan gantsare gaba, a kuma ɗaga hancin injin sama kaɗan.

A watan Yulin 2024 fiffiken wata fanka ya karye a tashar Vineyard Wind ta Amurka, tarkacensa suka fita gaɓar tsibirin Nantucket har aka rufe wuraren wanka. Kamfanin GE Vernova da ya ƙera shi ya ce gam ne bai kama yadda ya kamata ba a masana'antarsa ta Gaspé da ke Kanada. A shekarar dai fukafukai biyu na irin wannan fanka sun lalace a Dogger Bank. Abin lura shi ne irin wannan fiffike ya sha gwaji a cibiyar Blyth ta Ingila, inda ake ja da kaɗa shi wata da watanni. Gwaji yana tabbatar da zane ne a kan fiffike ɗaya ko biyu da aka yi a tsanake. Ba ya tabbatar da na ɗari biyu da aka yi ana sauri don a cika alƙawari.

Ruwan sama ma abokin gaba ne. Bakin fiffike yana gudun sama da kilomita 300 a awa, a wannan gudun ɗigon ruwa kamar tsakuwa yake. Gefen gaba yakan fara da ƙananan ramuka, fenti ya ɓare, zare ya fito, iska ta daina bin jikinsa sumul, wuta ta ragu. A Anholt ta Denmak, wadda aka buɗe a 2013, ba a yi shekara biyar cikakku ba sai da aka shiga gyaran fukafukan mafi yawan fankokinta 111. Maganin da ake yi yanzu shi ne sanya wa gefen gaba kwasfar roba mai tauri tun daga masana'anta, wasu kuma suna gwada rage gudun fanka a 'yan awannin da ruwa ke zuba da ƙarfi, tunda a nan mafi yawan ɓarnar ke faruwa.

A cikin kan injin, masana'antu sun rabu gida biyu. Siemens Gamesa da GE sun jefar da giyabos, wato akwatin giyar da ke ninka saurin juyi kafin ya kai janareta, fukafukai na juya janareta kai tsaye. Wannan ya rage abin da zai lalace, amma janareta mai juyawa a hankali dole ya zama ƙato, faɗinsa wajen mita goma, kuma yana cin maganaɗisu kusan kilo 600 a kowace megawat, alhali mafi yawan irin wannan maganaɗisu daga ƙasar Sin yake fitowa. Vestas ya riƙe giyabos mai matsakaicin gudu da ƙaramin janareta, kai ya yi sauƙi, haƙoran giya da mai kuma suka zama abin kulawa. Kowanne aka zaɓa, babban boris ɗin da ke riƙe da fukafukai shi ne abin tsoro, domin idan ya ci, sai an sauke fukafukan uku da babban jirgi. Gishiri kuwa tun 2004 ya koyar da darasi, lokacin da aka kwaso kawunan fankoki 80 na tashar Horns Rev ta Denmak zuwa tudu saboda janareta da taransifoma sun kasa jure iskar teku. Yanzu kan injin a toshe yake, ana busar da iskar cikinsa.

Ƙasan ruwa labarinsa daban. Turken ƙarfe guda da ake bugawa cikin ƙasan teku faɗinsa mita 4 ne a Horns Rev, yanzu ya kai mita 9 zuwa 10, wasu sun haura tan 2,000. Girmansa bai tsaya ga ɗaukar nauyi ba. Kowace doguwar hasumiya tana da saurin kaɗawarta na ɗabi'a, kuma dole wannan sauri ya faɗa tsakanin saurin zagayen fanka da saurin wucewar fukafukai uku, ya kuma nisanci bugun igiyar ruwa. Idan suka yi daidai, hasumiya za ta riƙa lilo har walda ta tsage. Da fanka ke ƙara tsawo, kaɗawarta na rage sauri tana matsowa kusa da ta igiyar ruwa, sai a ƙara ƙarfe don a ƙara tauri. Buga turken ma da sharaɗi: Jamus ta hana ƙarar ta wuce desibel 160 a nisan mita 750 saboda dabbobin ruwa, don haka ake kewaye wurin da tiyo mai fitar da labulen kumfa. Wajen 2009 da 2010 an gano cewa kwaɓin simintin da ke haɗa turke da gindin hasumiya yana zamewa a ɗaruruwan fankoki, saboda kuskuren wani adadi a ƙa'idar zanen da kowa ke bi. Shari'ar tashar Robin Rigg a kan wannan sai da ta kai Kotun Ƙolin Birtaniya a 2017. Yanzu da noti ake ɗaure mahaɗar, ko a yi turken ya zarce har gindin hasumiya.

Kebul bai da kwarjini, amma shi ke cinye kaso mafi girma na kuɗin da masu inshora ke biya. Layin kilovolt 33 na dā fankoki biyu ko uku kacal masu megawat 15 zai ɗauka, shi ya sa aka koma 66, mai ɗaukar biyar ko shida. Wurin da kebul ke fitowa daga yashi ya shiga turke nan ne rauninsa. A 2021 kamfanin Ørsted ya sanar cewa rigar kariyar kebul tana gogar duwatsun da aka zuba a gindin turke tana cinyewa a tashoshi har goma, ya ƙiyasta gyaran da kuɗin Denmak krona biliyan 3 a lokacin.

Ga kuma jirgi. Kan injin Haliade-X ya haura tan 600, kuma sai an ɗaga shi sama da mita 130. Jiragen da aka ƙera don fankoki masu megawat 6 zuwa 8 ba za su iya ba. Voltaire, wanda ya yi aikin Dogger Bank, ƙafafunsa huɗu da yake kafawa a ƙasan teku sun kai mita 130, ƙugiyarsa na ɗaga sama da tan 3,000. Irinsa shekara uku zuwa huɗu ake yi ana ƙera shi, kuma sai ya yi aikin shekara 20 kafin ya mayar da kuɗinsa. Mai jirgi da ya ga fanka na canza girma duk shekara uku dole ya yi ɗari-ɗari, ko ya tsuga kuɗin haya. Haka masu tashar jiragen ruwa da za su ƙarfafa daɓe, haka masu mazubin fiffike da ake jefarwa tun bai biya kansa ba. Girman ya kuma sa kowace tsayawa ta yi zafi. Fanka mai megawat 15 da ke aiki rabin ƙarfinta tana ba da yunit 180,000 a yini. A fam 60 kowane yunit 1,000, wata uku na jiran jirgi asarar kusan fam miliyan ɗaya ce, ban da kuɗin gyaran. Ƙananan jiragen ma'aikata kuwa ba sa iya sauke mutum idan igiyar ruwa ta wuce mita ɗaya da rabi, a hunturun Tekun Arewa ana iya yin makonni ana kallon fanka daga nesa.

A 2023 aka ga iyakar abin da girma zai iya. Tashar iska ba ta sayen mai, kusan duk kuɗinta bashin gini ne. Wanda ya ranci fam 100 na shekara 25 a kan ruwa kashi 4 zai riƙa biyan fam 6.40 a shekara, a kan kashi 8 kuwa kusan fam 9.40. Ƙarin ya kai kashi 46, kuma babu tsawon fiffiken da zai cike wannan giɓi. Kamfanin Vattenfall ya dakatar da aikin tashar Norfolk Boreas ta Birtaniya a watan Yuli yana cewa kuɗin aiki ya tashi da kusan kashi 40. A gwanjon Birtaniya na shekarar, da aka ƙayyade farashi a fam 44, ko kamfani ɗaya bai yi tayi ba. Ørsted ya soke Ocean Wind ta ɗaya da ta biyu a Amurka. Da aka sake gwanjo a 2024, sababbin tashoshi a fam 58.87 suka ci.

A ganina masana'antun Turai da Amurka da suka ja birki a wajen megawat 15 sun yi daidai. GE Vernova ya ajiye shirin fanka mai megawat 18, Vestas ya tsaya a kan tasa. Daga megawat 3.6 zuwa 15 an rage turaku 211 a kowace megawat 1,000. Daga 15 zuwa 20 turaku 17 kawai za a rage, a kuma sake jirgi da mazubi da daɓen tasha. Arahar da ta rage tana wajen maimaita abu guda sau dubu har hannu ya faɗa, kuskuren gam da na boris su fito a gyara su. Sauri kan haifi nawa, kuma a teku nawar da kuɗin hayar jirgi ake biyanta.

Sin ba ta bi wannan ra'ayi ba. A 2023 an kafa fanka mai megawat 16 a gaɓar Fujian, faɗin da'irarta mita 252, a 2024 kuma Dongfang Electric ya fito da mai megawat 26 da da'irar da ta haura mita 300. Suna da hujjarsu: masana'antar na bakin ruwa, jiragen nasu ne, kasuwar cikin gida kuma ta isa ta cinye abin da aka ƙera. Iskar wasu gaɓoɓinsu ba ta kai ta Tekun Arewa ba, dogon fiffike ya fi yi musu amfani, ko da yake dole ya jure guguwar teku mai tsanani. (Gaɓar Najeriya ma iskarta mai laushi ce, kusancinta da tsakiyar duniya ya jawo haka, don haka wannan lissafi bai hau kanta yadda ya hau Tekun Arewa ba.)

Inda girma zai ci gaba da biya babu gardama shi ne ruwa mai zurfin da ya wuce mita 60, inda turke ba ya kaiwa sai an ɗora fanka a kan dandamali mai yawo a ɗaure shi da sarƙa. Dandamalin da sarƙoƙin da angar duk da kai ake ƙirga su, kuma sun fi turke tsada nesa ba kusa ba. Hywind ta Sikotland, fankoki biyar masu megawat 6 da aka kafa a 2017, ta daɗe tana ba da sama da kashi 50 na cikakken ƙarfinta, abin da tashoshi kaɗan ke iyawa. Amma a 2024, da lokacin babban gyara ya yi, babu jirgin da zai kafa ƙafa a wannan zurfi, sai da aka kwance su ɗaya bayan ɗaya aka ja su har Norwe, aka gyara, aka sake jawo su.